A Kalaba ni “aboki” ne, a kan Chappal Waddi kuma Kaɗo



Tun da na ɗora hotunan nan na kan dutse wayata ba ta huta ba. Wani ya ce Kenya na je, wani ya rantse haɗin kwamfuta ne, wani ɗan uwa daga Nsukka ma cewa ya yi in ji tsoron Allah, babu irin wannan wurin a Nijeriya. To jama'a, Taraba ce. Na yi alkawarin zan ba da labari, ga shi. Rubutun da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Sunan dutsen Chappal Waddi, wasu na ce masa Gangirwal. Shi ne wuri mafi tudu a duk faɗin Nijeriya, mita 2,419, yana kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Wannan gandu shi ne mafi girma cikin gandayen dajin gwamnatin tarayya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, wani sashe a Taraba wani a Adamawa, an kafa shi a 1991 da aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti. Duk wannan fa a Arewa yake. Amma ni ɗan Funtuwa, sai da na kai aji uku na fara jin sunansa, a bakin ɗan ɗakina ɗan Akwa Ibom. Ku gwada yin tambayar a majalisarku yau bayan isha'i: wane dutse ne ya fi tsawo a ƙasar nan? Za ku ji Zuma, za ku ji Jos, wani Bakano ma ba kunya zai ce Dala.

Ɗan ɗakin nan nawa shi ya kitsa tafiyar. Tun farkon zangon karatu yake tara mu, ana ɗan adashe. Da aka zo hutun ƙarshen shekara mu shida muka rage: shi, ni, 'yan ƙabilar Ibo biyu, wani Bayarabe Musulmi ɗan Ibadan, da wani ɗan Tibi daga Binuwai wanda ɗakinsa ke kallon namu. Ku riƙe wannan na ƙarshen, zan dawo kansa.

Kafin komai sai da aka nemi izini a gida. Na kira Umma na ce ba zan iso da wuri ba, za mu yi tafiyar ƙasa ta kwana bakwai. Ta yi shiru, sannan ta ce, “A ƙasa? Kuɗin motar ne ya gagara, in sa yayanka ya turo maka?” Na ce a'a, dutse za mu hau. Ta ce, “To me aka ajiye a kan dutsen?” Na ce ba komai. Ta ce, “Allah ya shirya.” Baba ne ya cece ni. Ya karɓi wayar yana dariya ya ce kakansa da ƙafa ya je Gwanja fataucin goro, watanni a hanya, ba a ce ya haukace ba, don haka a bar yaro ya taka.

Maganar Baba ta zauna min. Mu yanzu tafiyar ƙasa alamar babu ce. Daga hostal zuwa ɗakin lakca ma in ba a hau keke ba sai a ce gayu ya zube. Alhali mu jikokin fatake ne. Ayari kan tashi daga Kano ya nufi Salaga da jakuna da 'yan alaro, da madugu mai yanke hukunci, da jagaba a gaba, ana yada zango ana tashi. Wasu ayarin kuma gabas ta kudu suke yi, ta ƙasar Adamawa har Banyo da Tibati, wato ta gefen duwatsun nan da muka je. Alhazan da kuma da ƙafa suke ratsa Cadi da Sudan, wasu shekaru suke yi. Abin da 'yan Turai ke saya wa takalmi na musamman suna ɗaukar hoto, mu sana'ar gidanmu ce muka ajiye.

Ko a wajen guzuri na ga haka. Abokan tafiyata suka cika jaka da Indomie da kifin gwangwani da burodi. Ni na leƙa Bogobiri, unguwar Hausawan Kalaba, na haɗo kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino, garin kwaki da sukari, ga dakuwar da aka aiko min daga gida. Suna ta tsiya wai aboki zai buɗe shago a daji. Gwangwani nauyi gare shi, rabinsa ruwa ne da ƙarfe, kuma in ka cinye dole ka ci gaba da goyon gwangwanin don ba a yar da shara a gandun. Burodi kwana biyu ya yi fumfuna. Indomie sai an hura wuta. Namu kuwa abincin matafiya ne tun asali: busasshe, ba nauyi, ba ya lalacewa, kana tafe kana ci. Ran kwana na uku ƙuli-ƙuli ya zama kuɗi, guda biyar ana ɗaukar maka tukunya na awa ɗaya.

Hanyar mota ba zan ɓata muku lokaci da ita ba. Kalaba, Ikom, Ogoja, Katsina-Ala, muka shiga Taraba, Bali, sai Serti. Kwana biyu, ƙugu ya gaya wa kowa. Abu ɗaya da ya tsaya min a rai shi ne kututturan madobiya a gefen hanya, itacen nan da 'yan katako a can ke kira Madrid, wanda aka yi ta sarewa ana lodawa zuwa Caina. A Serti hedikwatar gandun take, nan ma fadar Lamiɗon Gashaka take. Nan ake yankar izini a haɗa ku da ma'aikatan gandu, domin ba a shiga sai da su. Aka ba mu guda biyu da bindigoginsu, muka kuma ɗauki 'yan dako biyu don tantuna da buhun shinkafa.

Babban cikin ma'aikatan, dattijo ne siriri marar yawan magana, muna ce masa Oga, ni da ɗan Ibadan kuma Malam. A ƙauyen Gashaka, inda mota ke ƙarewa, ya sa kowa ya zazzage jakarsa a ƙasa. Yana bi yana warewa da sanda. Lasifikar waƙa ta ɗaya daga cikin 'yan Ibo, gefe. Turare, gefe. Wando jins na uku, gefe. Littafin da ɗan ɗakina ya ce zai karanta don jarrabawa, Malam ya ɗaga ya auna a hannu ya ce, “Wannan zai karanta ka, ba kai za ka karanta shi ba.” Bayan tankaɗe da rairaya kowa ya tashi da kusan kilo 15. A bakin hanya kilo 15 wasa ne. Bayan awa huɗu sai ka rantse wani ya hau kai.

Kusa da ƙauyen akwai kangon sansanin sojan Jamus, duwatsu jere ciyawa ta cinye. Yankin nan a da ƙarƙashin Jamus yake, cikin Kamaru. Bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Nijeriya, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Har yau ƙaramar hukumar da ke kan tsaunin Mambilla sunanta Sardauna. Wato da ƙuri'ar ta juya, da dutse mafi tsawo a Nijeriya na wata ƙasa ne.

Kwana biyun farko ƙasa-ƙasa ne, zafi da gumi da tsando. Ƙudan tsando ba ya jin magana, ta cikin riga yake cizo, kuma baƙin kaya da shuɗi yake bi, ni kuwa rigar Chelsea ce a jikina, sai ku ƙiyasta. Rafuka ba iyaka, kowanne sunansa ya fara da Mayo, wato kogi da Fulatanci. In za a tsallaka, Malam zai ce a kwance igiyar ƙugu ta jaka, don in ruwa ya kayar da kai ka iya zame ta, a kuma fuskanci inda ruwan ke fitowa, a riƙa jan ƙafa ba ɗagawa ba. Muka kwana a wajen Kwano, inda masu binciken birai suka daɗe suna aiki. Gandun nan na daga cikin manyan mafakar da suka rage wa cimfanzin Nijeriya da Kamaru. Ba mu gan su ba. Mun dai ga sheƙarsu can saman itatuwa, don kowane dare sabuwa suke yi da rassa su kwanta, kuma da asuba muka ji ihunsu daga nesa da wani irin kiɗa, wai saiwar itace suke duka. Gashin jikina ya tashi. Birai masu baƙi da fari da doguwar jela kam mun gan su har mun gaji.

Kwana na uku aka fara hawa na gaske, kuma a nan na fahimci aikin madugu. Mu samari kowa na son ya nuna shi ne, aka fara tsere. Malam bai ce uffan ba sai da aka yi hutun farko. Ya duba ya ga wanda ya fi kowa haki, ɗaya daga cikin 'yan Ibon nan, mai jiki, ya ce shi zai shige gaba, kuma ba mai wuce shi. Ɗan ɗakina ya fara ƙorafi wai za a kwana a hanya. Malam ya ce, “In na bar shi a baya, ku za ku huta kuna jiransa, yana isowa ku tashi. Shi yaushe zai huta?” Shi ke nan aka bi. Taku ƙanana, ba tsayawa sai bayan kusan awa, kurɓin ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi ya zo. Ruwan rafi ne, muna jefa masa ƙwayar tsarkake ruwa ko a tafasa da dare. Ƙafa in ta fara zafi a wuri ɗaya, a tsaya a manna filasta tun ba ta yi ruwa ba. 'Yan dakon nan kuwa da takalmin roba suke tafe, kaya a ka, suna hira kamar masu zuwa kasuwa.

Masu tambaya ta yaya aka yi da salla: sauƙin da Allah ya yi wa matafiyi a nan na san daɗinsa. Ƙasaru muke yi, muna haɗa azahar da la'asar, magariba da isha'i. Mu biyar ne Musulmi har da Malam da 'yan dako, jam'i bai taɓa wuce mu ba. Wuyar ɗaya ce, alwalar asuba a can sama, ruwan kamar an ciro daga firji, hannu ya ƙage ka kasa ɓalle maɓalli. Sauran kan zauna kan jakunkunansu su jira mu, ba wanda ya taɓa cewa a yi sauri. Ran Lahadi su ma suka yi addu'arsu a gindin wata bishiya, mu muka tsare musu shinkafa kada ta ƙone.

Yinin kwana na huɗu muka fita daga kurmi, kamar an yaye labule. Sama ta buɗe, tuddai kore da ruwan ƙasa suna bin juna har inda ido ya ƙare, ciyawa gajera, iska mai sanyi, ga shanu fari da ja a warwatse. Akwai Fulani makiyaya a saman tuddan nan tun kafin a kafa gandun, kuma an ware musu wuraren zama a ciki. Rashin tsando a can sama shi ya sa shanu ke jin daɗin wurin. Dab da magariba hazo ya sauko, sanyi ya fara shiga ƙashi, Malam ya ce a yada zango kusa da wata ruga da ya sani.

Tun daga nesa abokaina suka fara tura ni gaba. “Aboki, ga 'yan uwanka, je ka yi magana.” Kun san wannan. Duk wanda ya yi karatu a Kudu ya san shi. A wurinsu Hausa da Fulani da Kanuri da Nupe da Zabarmawa duk mutum ɗaya ne, sunansa aboki, kuma shi ke da alhakin duk abin da ya faru daga Lokoja zuwa sama. Na gyara murya na yi sallama. Yara suka fito suna kallona, na ce sannunku, ina babanku, suka kwasa da gudu suna kiran wata kalma da na gane: Kaɗo. Wato wanda ba Bafulatani ba. A can Fulatanci ne harshen kasuwa da na hanya, Hausa ta biyu ce ko ta uku. Malam da 'yan dako suka shige da “jam na” da “useko”, ni da ɗan Akwa Ibom muka tsaya a baya, baƙuntarmu ɗaya. Abokaina suka yi ta mamaki. Ɗaya ya ce, “Au, ba ka jin abin da suke cewa?” Na ce ko kalma biyar ban tsinta ba. Wallahi na ga abin ya ɗaure musu kai fiye da duk bayanin da na shekara uku ina yi a hostal.

Maigidan dattijo ne fari dogo, da bargo a kafaɗa. Yana jin Hausa daidai gwargwado, irin wadda za a ce maka “ke yaro” ka haƙura. Ya sa aka shimfiɗa mana buzu a bukkar baƙi, aka hura wuta a tsakiya, aka kawo madara mai zafi a ƙwarya da tuwon masara da man shanu. Bayan kwana huɗu na gari da ƙuli, ba sai na ce komai ba.

Muna cikin ci na lura mu biyar ne. Ɗan Binuwai bai shigo ba. Na leƙa na same shi can bakin shinge, zaune kan jakarsa, ya rufa da tawul, yana rawar sanyi. Na ce ya shigo akwai wuta. Ya ce yana nan lafiya. Na koma na ɗebo masa madara a kofi, ya kalli kofin ya ce, “Na gode, ba zan sha ba.” Ba da faɗa ba, ba da raini ba. Na san yaron nan shekara uku, mai barkwanci ne, shi ke kwaikwayon malamai yana sa mu dariya. Wannan fuskar ban taɓa ganinta ba.

Da na dawo da kofin a cike, dattijon ya gani. Ya ce, “Ke yaro, baƙon can ba ta da lafiya ne?” Malam ya fita duba tantuna, sauran ba sa jin Hausa, ni kaɗai ne. Zan iya cewa cikinsa ke ciwo, magana ta mutu. Na ce, “Baffa, lafiyarsa ƙalau. Daga Binuwai yake.”

Ya daɗe yana kallon wuta. Sannan ya ce, “To.” Can kuma ya fara magana a hankali, rabi Hausa rabi Fulatanci, ɗaya daga cikin 'yan dako na cike min gurbi. Ya ce a rikicin Mambilla na 2017 yana da 'yan uwa a rugagen da aka afka wa. Ya lissafa su da yatsu, ya kai hannu na biyu. Shanun da aka sassare bai ma lissafa ba. Ya ce tun daga lokacin akwai kasuwar da ba ya ci, akwai mutanen da in sun miƙo masa ruwa ba zai iya sha ba, ko da ya san ba su ne suka yi ba. Ya ce, “A bar shi. Kada a matsa masa.” Sai ya kira wani jikansa ya ce a kai wa baƙon garwashi a kasko da itace.

Na bi yaron muka kai. Ɗan Binuwai ya kalli kaskon, ya matso da ƙafafunsa. Ya tambaye ni me tsohon ya ce, na gaya masa duka, ban rage ba ban ƙara ba. Ya yi shiru. Sai ya ce in tambayar masa abu ɗaya: tsohon ya taɓa zuwa Binuwai? Na koma na tambaya. Baffa ya ce iyakarsa Serti, sai Banyo sau biyu a ƙuruciya. Na kawo amsa. Ya ce, “Ok.” A tanti ya kwana, bai ci komai na gidan ba, da safe ma da muke sallama yana can gaba yana ɗaure takalmi. Wutar dai ya ji ɗuminta har ta mutu.

Ƙololuwar kanta, kwana na biyar, ba ni da dogon labari a kanta. Mun tashi da duhu, hawa mai tsayi cikin ciyawa mai santsi da raɓa, numfashi na yankewa, kowane tudu ka ce shi ne sai wani ya leƙo a bayansa. Wajen hantsi Malam ya tsaya ya ce an iso. Ciyawa ce da duwatsu da iska mai neman ture mutum. Hazon hunturu ya rufe nesa, amma ana ganin gajimare a ƙarƙashinmu, tuddan Kamaru na leƙowa ta cikinsa. Wayar ɗan Ibadan ta kamo sabis, saƙo ya shigo da Faransanci. Aka yi hotunan da kuka gani, aka raba dabinon ƙarshe, mai jikin nan da aka sa a gaba ya zauna ya yi kuka ba kunya, ba kuma wanda ya yi masa dariya. Ba mu yi awa ɗaya ba sanyi ya koro mu.

Duk wanda ya ce muku sauka ta fi hawa sauƙi bai taɓa sauka ba. Hawa huhu yake ci, sauka gwiwa da yatsun ƙafa. Ba ta hanyar da muka zo muka koma ba, ta ɓangaren Mambilla muka gangara. A kwana na shida hanyar ta zama siririya, mutum ɗaya-ɗaya, ɗan Binuwai na gabana, ƙeyarsa da jakarsa kawai nake gani. Ba tare da ya juyo ba ya fara magana.

Ya ce a farkon Janairun 2018, lokacin yana sakandare, aka kai hari ƙauyukan Guma da Logo. Mutum 73 aka binne rana ɗaya a Makurɗi, yana cikin taron. Akwai ɗan kawunsa a cikin akwatunan, tare suka yi hutun Kirsimeti. Kawun ya bar gona ya koma sansanin 'yan gudun hijira, kuma a can ya tsufa. Ya ce ranar da ya fara zuwa hostal ya ga ɗakin da ke kallon nasa akwai mai shimfiɗa darduma, sai da ya nemi a canja masa ɗaki, bai samu ba. Ya ce, “Ba ka taɓa yi min komai ba. Amma shekarar farko duk dare sai na duba sakata sau biyu.” Ni da muke cin abinci a kwano ɗaya, nake ara masa caja.

Na bar shi ya gama. Sannan ni ma na ba wa ƙeyarsa nawa labarin. Na ce masa ƙauyen su Umma yana wajen Faskari, kuma shekara nawa ke nan ba a noma gonar kakana sai an biya 'yan bindiga, wani lokacin a biya kuma a hana girbi. Na tuna masa ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020, na ce 'ya'yan Hausawa da Fulani ne, Musulmi, kuma daga garinmu zuwa can ba nisa. Na ce akwai hanyoyin da mu ma ba ma bi in la'asar ta yi. Ya tsaya cak har na kusa karo da jakarsa. Ya ce ya ji labarin Ƙanƙara a lokacin, amma bai taɓa kawo cewa gidan su aboki ba ne. A tunaninsa mu can lafiya muke zaune, mu ake yi wa aikin. Muka ci gaba da tafiya. Bai ce ya canja ra'ayi kan komai ba, ni ma ban nema ba. Kan dokar hana kiwon sake ta jiharsu ma sai da muka yi musu mai zafi a zangon dare, har Malam ya ce a yi wa mutane shiru.

Na yi ta tunanin me ya sa sai a can. Shekara uku ƙofa na kallon ƙofa, maganar ba ta fito ba, sai a kan wata siririyar hanya. Ina ganin dalilan ba su da nisa. Babu waya, babu wanda zai shigo ya katse, babu 'yan kallo da za ka kare ƙabilarka a gabansu. Gajiya ta cinye ƙarfin yin fuska. Ga shi ba ido cikin ido ba ne, kowa na kallon inda zai sa ƙafa. Kuma mutumin da ya riƙe maka hannu a tsakiyar kogi jiya, da wuya ka ci gaba da yi masa gaisuwar baki kawai.

A nan zan ɗan taɓa mu, ku yi haƙuri. In an tare mu da “aboki, me ya sa mutanenku”, mukan yi ɗayan biyu: ko mu hau musu, ko mu tattara mu koma majalisarmu ta bakin masallaci mu yi ta ba juna labarin yadda ba a son mu. Majalisar nan ina ƙaunarta, ita ta riƙe ni a shekarar farko, a nan na samu wanda ya rakani asibiti da wanda ya ranta min kuɗin rajista. Amma labarin Faskari da Zurmi da Sabon Birni, mu da muka riga muka sani muke ta maimaita wa juna. Wanda ke ɗakin da ke kallon naka bai taɓa ji daga bakinka ba, kai ma ba ka san abin da ya sa yake duba sakata ba. Sannan Arewar da ake sa mu amsa tambaya a kanta, mu kanmu wani yanki kaɗan muka taka. Na tsaya a ƙasar da ke ɗauke da sunan Sardauna ina neman tafinta.

Kwana na bakwai muka fito Njawai, 'yan acaɓa suka kwashe mu zuwa Nguroje, ta cikin tuddai da layukan itacen turare. A nan muka rabu da Malam. Muka haɗa ɗan abin da ya rage muka ba shi da 'yan dako, ya karɓa ya ce wa mai jikin nan, “Kai ne ka kai su.” Muka zauna teburin mai shayi, ganyen na nan Kakara ne, gonar shayin da ke kan tsaunin, kowa ya sha kofi uku da burodi ba mai magana. Farcen babban yatsana ɗaya ya yi baƙi, daga baya ya fita.

Masu cewa a sa su a ta gaba: rani ake zuwa, daga wajen Disamba zuwa Maris, da damina koguna ba sa tsallakuwa. A fara tuntuɓar ofishin gandun a Serti, a tambayi halin tsaro na hanya a makon da za a tashi, kada a dogara da labarin bara. A zo da rigar sanyi ta gaske da hular sanyi, ba irin ta gayu ba. Takalmi kuma kada a sayo sabo ranar tafiya, a fara taka shi wata guda, daga hostal zuwa lakca da jaka a baya, ko za a yi muku dariya. A nemi izinin iyaye tukuna.

Ni dai kafin wata tafiyar dutse akwai wadda ke gabana. Shekaranjiya ɗan Binuwai ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce mahaifiyarsa ta ce in zo Makurɗi hutun Ista, akwai sakwara, kuma za su nemo mai yanka Musulmi. Ya ce in na yarda zai kai ni in gaida kawun nasa. Na ce masa to. Yanzu ina nan ina neman ta inda zan shigar wa Umma da maganar.